Taswirar ƙawanyar Biyana ta 1683: launin jikinta tsoho ne ko daga baya aka shafa?

Abu_Safwan
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana ina neman shawara kafin in yi aika-aika da kuɗina. Akwai wata taswira da na jima ina bibiya a shafin wani dillali, ta ƙawanyar da dakarun Daular Usmaniyya suka yi wa birnin Biyana na Ostiriya ce a 1683, ga ganuwar birnin, ga ramukan da Turkawa suka haƙa suna matsowa, ga tantuna birjik a kewaye. Ya rubuta cewa bugun Holan ce ta ƙarshen ƙarni na 17 kuma wai an yi mata launi da hannu. To a nan gizo ke saƙar, don bai ce YAUSHE aka yi launin ba. Ni kuma launin ya yi mini kyau da yawa har na fara tsarguwa. Ta yaya mutum zai gane tsohon launi da wanda aka shafa daga baya, kuma in ma sabo ne shin ya ɓata ta ke nan?

Sarkin_Takardu
Wa alaikumus salam. Kafin komai ka ce ya juya ta ya ɗauko maka hoton BAYANTA, ba gaba ba. Koren da masu launi na wancan zamani suka fi amfani da shi daga tsatsar jan ƙarfe ake haɗa shi, kuma wannan koren ba ya zama lafiya da takarda, da shekaru suka tura sai ya ratsa ya fito ta baya da ruwan ƙasa-ƙasa, wani lokacin ma ya ci takardar har ta dinga tsagewa a kan layin. In ka ga duk inda aka sa kore a gaba akwai inuwarsa a baya, alama ce mai kyau. In bayan fari fat ne sai ka ƙara yin tambaya.

Baffa77
Tirƙashi. Ashe a wannan harkar lalacewa ita ce shaidar inganci hhh

Binta_Zane
@Sarkin_Takardu gaskiya ne Malam amma kar mu sa shi ya ɗauka wannan ita ce hujja ta ƙarshe. Akwai tsofaffin launuka na asali da ba su ratsa ba ko kaɗan saboda takardar mai kauri ce an kuma shafe ta da kyau kafin a sa launi, ko kuma mai launin ya haɗa korensa ne da shuɗi da rawaya bai taɓa na jan ƙarfe ba. Sannan masu ha'inci su ma sun san kowa baya yake dubawa, suna iya ɗan ɗiga wani abu a bayan ya yi kama da tsufa.

Ni abin da na fi yarda da shi shi ne a duba inda takardar ta taɓa samun rauni. In akwai ɗan hujin da ƙwaro ya yi ko yagewar da aka liƙe, ka sa gilashin ƙara girma ka duba bakin wurin. In launin ya zuba cikin hujin ya rina gefensa, ko ya bi ta kan liƙin ya wuce sumul, to launin ya zo bayan raunin ke nan, magana ta ƙare. Haka ma in an taɓa ninke ta biyu shekara da shekaru a cikin littafi sau da yawa za ka ga launin wannan ɓarin ya ɗan bar sawu a ɗaya ɓarin, daidai wurin da suka haɗa fuska. Wannan sawun da wuya a ƙirƙire shi.

Injiniya_Sale
Ni dai tambayata, kun ma tabbatar takardar ce tsohuwa kafin ku zo kan launi? Yaya Abu ka ce ya haska tocila ta baya. Takardar kafin tsakiyar ƙarni na 18 da tsumma ake yin ta da hannu a kan rariyar waya, to in haske ya ratsa za ka ga layuka sirara a jere da wasu masu ɗan kauri da suka gitta su nesa-nesa, wani sa'in har da tambarin masu yin takardar a cikin jikinta. Takarda mai santsi marar layi sai wajen 1757 James Whatman ya fara yin ta a Ingila. In taswirar da aka ce ta 1680 da wani abu ce ba ta da layukan nan ka gudu kawai.

Na biyu sawun faranti. A kan farantin jan ƙarfe ake sassaƙa zanen a cusa tawada a ramukan a danna takarda mai ɗanshi da ƙarfi, shi ya sa gefen farantin ke barin ɗan lotsawa zagaye da zanen, kana ji da yatsa. Kwafin inji kuwa in ka duba da gilashi ɗigo-ɗigo za ka gani.

Abu_Safwan
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na tura masa saƙo yanzu, hoton baya da na haske da na kusa-kusa. Amma fa ba ku amsa min rabin tambayar ba, in takardar ta asali ce launin ne kawai sabo, in saya ko in bari?

Kawu_Inuwa
Ɗana in ta yi maka kyau kuma an faɗa maka gaskiya an rage maka kuɗi, ka saya abinka. Mutane suna magana kamar sabon launi zunubi ne. Mafi yawan taswirorin nan baƙi da fari suka fito daga maɗaba'a, mai saye shi ke zaɓa ko ya biya ƙari a yi masa launi ko ya tafi da ita haka. Su Blaeu, masu buga taswira a Amsterdam, haka suke sayar da kundayensu iri biyu, kuma masu hali sukan kai wa gwanaye na musamman irin su Dirk van Santen da ke sa har da ruwan zinare. To me ya bambanta wanda ya kai a yi masa launi a 1690 da wanda ya kai a 1960? Duk hannu ne, duk burushi ne. Manyan dillalai na kirki ma suna sayar da masu sabon launi, sai dai suna rubutawa ƙarara. Ha'incin shi ne a ɓoye.

Mai_Tarihi
Kawu ranka ya daɗe a nan kam ban bi ka ba. Da taswirar lardi ce ko ta teku sai in ce launi ado ne. Amma a taswirar yaƙi launi BAYANI ne, shi ke gaya maka wace runduna ce ta wa. Ɗauki taswirar ƙawanyar Yorktown, a yaƙin neman 'yancin Amurka, da Sebastian Bauman ya yi, wadda aka buga a Philadelphia a 1782 bayan Birtaniya ta miƙa wuya a 1781, shi kansa hafsan manyan bindigogi ne da aka yi ƙawanyar da shi. A jikinta an rubuta ja na Birtaniya, shuɗi na Amurkawa, rawaya na Faransawa. Yanzu ka ba wani mai fenti da bai san ko su waye suka yi yaƙin ba, shi dai ya ga ƙananan murabba'ai a jere, ya shafa wa rabi ja rabi kore don ya yi kyau a bango, ai ya mayar da sojan wannan ɓangare na wancan. Na taɓa riƙe wani zanen fagen Blenheim na 1704 da aka yi wa haka, dakarun Faransa da na Marlborough, kwamandan Ingila, da ke fuskantar juna duk launi ɗaya, kogin da ya raba su kuma an bar shi fari an je an shafa shuɗi a kan hanya. Mai launin 1690 aƙalla yana da samfurin maɗaba'a a gabansa yana kwaikwaya, na 1960 son ransa yake bi.

Kawu_Inuwa
To ai wannan mugun aiki ka kawo misali da shi, ba sabon launi ba. Akwai masu yi yanzu da ke zama su yi nazarin kwafin asali kafin su taɓa burushi. Kuma na da ɗin ma ba mala'iku ba ne, yara da mata ake tarawa ana biyansu a kan kowace takarda, ka sha ganin tsohon launi da ya tsallake layi ya yi dama-dama.

Yar_Laburare
Ku biyun duk kuna da gaskiya ta wani gefen. Abin da zan ƙara shi ne kowane gidan ɗab'i da salonsa, in ka san salon rabin aikin ya ƙare. Gidan Homann na Nuremberg da aka kafa a 1702, da Seutter na Augsburg, sun fitar da taswirorin fagen yaƙi da yawa kuma yawanci sukan cika ƙasashen da launi shar amma su bar adon da ke kewaye da sunan taswirar, mai mutum-mutumi da tutoci da igwa, baƙi da fari. Saboda haka in ka ga Homann da aka ƙawata adon nan da launi bakwai sai ka ɗaga gira. Coronelli na Venice kuma da ya zana garuruwan da aka yi ta fafatawa a kansu tsakanin Venice da Usmaniyya daga 1684, nasa galibi ba launi suke fitowa. Haka zanen fagagen yaƙin Marlborough da Basire ya sassaƙa a shekarun 1740, irin wanda @Mai_Tarihi ya ambata, cikin littafin tarihi suka fito ba launi, kusan duk mai launin da ka gani a kasuwa daga baya aka yi.

Hajiya_Umma
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Ni abin da ke damuna da wannan sha'awar shi ne mutum ya rataye wurin da aka kashe dubban bayin Allah a falonsa yana cewa kai ji kyau. Waɗannan 'yan akwatunan ja da shuɗi fa 'ya'yan wasu ne. Ban ce haramun ba ne, amma jikina ba ya ba ni.

Mai_Tarihi
Hajiya maganarki abin dubawa ce wallahi. Taswirar yaƙi tana share jini, komai a jere tsaf, alhali wanda ke wurin ba abin da yake gani sai hayaƙi. Shi ya sa nake girmama wadda Charles Minard ya yi a 1869 kan tafiyar Napoleon zuwa Rasha a 1812. Ya ja layi mai kauri na mutum 422,000 da suka shiga, layin yana sirancewa yana sirancewa, na dawowa baƙi ne har ya koma kamar zare, mutum 10,000, a ƙasa kuma ya jera sanyin da aka yi a hanya. Ita kam ba ta ɓoye gawa ba. Sai dai bugun dutse ce, ba ta cikin irin wanda muke magana.

Baffa77
Hajiya ni kuma gani nake gara a rataye a tuna da a manta. Ɗana bai taɓa tambayata komai a kan tarihi ba sai da ya ga ta Sevastopol a bango ya ce Baba me ya sa jirage suka toshe bakin ruwan nan, daga nan muka shiga labarin yaƙin Kirimiya har dare.

Dan_Usmaniyya
Tunda an kauce bari in sa baki. Kun lura duk sunayen da ake ta kira na Turawa ne? Taswirar Biyana da Abu ke so ɗin nan waɗanda suka ci yaƙin ne suka zana ta don su sayar wa 'yan uwansu masu murna. Ƙawanyar ta fara a watan Yuli, ranar 12 ga Satumba Sarkin Folan Jan Sobieski da sauran dakarun taimako suka gangaro daga tudun Kahlenberg suka watsa sansanin Kara Mustafa, babban wazirin da ya jagoranci Turkawa, shi kuma kafin shekarar ta fita aka kashe shi a Belgrade da umarnin Sarkin Musulmin Usmaniyya. To ka duba yadda irin zanen nan ke nuna Turkawa, kullum a guje suna zubar da kaya. Ba wai ƙarya ce zalla ba amma ido ɗaya ne.

Su ma Usmaniyya suna da nasu. Matrakci Nasuh ya bi Sultan Sulaiman yaƙin Iraƙi na 1533 zuwa 1536 ya zana zango-zango, Bagadaza da Tabriz da Halab, da launi mai ban mamaki. Amma rubutun hannu ne ba bugu ba, yana ɗakin karatu na Jami'ar Santambul, ba abin da ni da kai za mu saya ba ne.

Yar_Laburare
@Dan_Usmaniyya ido ɗayan nan har tsakanin abokan ƙawance akwai shi. William Siborne da ya gina samfurin fagen Waterloo, inda Birtaniya da Firusiya suka haɗu suka ci Napoleon, a shekarun 1830 ya sa sojojin Firusiya da yawa a inda bincikensa ya nuna suna nan a yammacin 18 ga Yunin 1815, abin bai yi wa Wellington, kwamandan Birtaniya, daɗi ba, daga baya sai da ya kwashe mafi yawansu. Samfurin yana gidan tarihin soja a Landan har yau.

Wani abin kuma, da yawa daga cikin taswirorin nan jaridar zamaninsu ce. Lokacin ƙawanyar Malta a 1565 Camocio a Venice faranti ɗaya ya riƙa gyarawa yana sake bugawa duk sanda sabon labari ya iso, ya goge nan ya ƙara jirage can. Bugu huɗun nan UNESCO ta sa su a kundin abubuwan tarihi na duniya a 2017. Saboda haka Yaya Abu bayan launi ka tambaya ko bugu na nawa ne, wani lokacin shi ya fi launin tasiri a daraja.

Gwani_Tawada
Mu dawo kan launi dan Allah kafin a kai mu yaƙin Badar. Abu ka kula da SHUƊIN. Shuɗin da ake kira na Firusiya a Berlin aka gano shi wajen 1706, kafin nan shuni ne da wasu duwatsu da ake niƙawa. Shunayya mai ƙyalli irin ta kanti kuma sai 1856 Perkin ya haɗa ta. To in ka ga launin da ba a ƙirƙira ba sai bayan shekaru masu yawa a jikin takardar 1683 ka san amsa. Matsalar ita ce ido kaɗai ba ya rabewa ko yaushe, balle a hoton waya da kowa ke ƙara wa haske. Wani abin dubawa shi ne ƙaro, da shi ake kwaɓa launin kuma sukan ƙara shafa shi a kan ja ko kore mai duhu ya yi sheƙi, in ya tsufa sai ya yi 'yan tsage-tsage ƙanana. Ka karkata takardar a gefen taga za ka gani.

Injiniya_Sale
Tambaya a gefe, taswirorin ramuka na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna cikin wannan layin? Na ga suna da ja da shuɗi su ma.

Sarkin_Takardu
A'a Injiniya, waɗannan inji ne ya buga launin. Na Birtaniya ramukan Jamus ja nasu shuɗi, sai a 1918 aka juya abin ya koma Jamus shuɗi, wanda bai sani ba sai ya karanta ta a baibai. Abin hannu a jikinsu shi ne in wani hafsa ya yi alama da fensir mai launi a fagen daga, kuma masu tarawa suna son irin wannan sosai, da taɓon laka da komai. Ɗakin karatu na ƙasa na Scotland ya sa da yawa a intanet kyauta.

Hajiya_Umma
To ni in don ilimi ne ai ga shi nan kyauta, tarin taswirorin David Rumsey ma da ke Jami'ar Stanford dubbai ne kana zuƙowa har ka ga zaren takarda. Me ya kai mutum kashe kuɗi?

Kawu_Inuwa
Hajiya gani a allo daban riƙewa a hannu daban, ba zan iya miki bayani ba sai kin taɓa.

Binta_Zane
Akwai abin da ba wanda ya faɗa, ka tambayi dillalin daga ina ta fito. In akwai ninki a tsakiya da ɗan siririn takarda liƙe a bayan ninkin, daga littafi aka ciro ta. Yawanci tun da daɗewa aka farke littattafan, wasu dama sun lalace, amma har yau akwai masu sayen kundi lafiyayye su yayyanka don ɗai-ɗai ya fi kawo kuɗi, ni kam ina ƙyamar wannan. Sannan ga sata. Forbes Smiley babban dillali ne da ake ganin girmansa, a 2005 aka kama shi a ɗakin karatu na Beinecke a Jami'ar Yale bayan wata ma'aikaciya ta tsinci reza a ƙasa, ya amsa cewa ya saci taswira 97 daga ɗakunan karatu shida, aka ɗaure shi shekara uku da rabi. Ka duba bayan ko akwai wurin da aka kankare hatimi ko aka yanke gefe ɗaya ƙwarai ba dalili.

Baffa77
Kuma in ka saya dan girman Allah kar ka kai wa mai firam ɗin hoton biki. Tawa ta Sevastopol ɗin nan wani ya manna mata salatif a kusurwa huɗu ya ɗora ta a kan kwali, kafin in ankara gam ɗin ya ratsa ya bar tabo rawaya da ba ya fita. Kwali marar asid, gilashi mai tare hasken rana kuma kar ya taɓa takardar, liƙi da takardar Japan da kokon alkama kawai. Laminetin kuwa kisan kai ne. Ja da rawaya su suka fi saurin koɗewa a rana, bangon da ke kallon taga ba nata ba ne, haka wuri mai laima.

Abu_Safwan
Jama'a ya turo. Layukan takarda suna nan, sawun faranti yana nan, akwai ninki da ɗan liƙin da Anti Binta ta faɗa. Bayan kuwa koren bai ratsa ba ko kaɗan, amma akwai ɗan duhu-duhu a bayan jan. Na tambaye shi kai tsaye ya ce shi a ganinsa "tsohon launi ne amma ba zai rantse na shekarar bugu ba ne". Hoton kusa bai turo ba tukuna.

Mai_Tarihi
Wannan amsar ta 'yan kasuwa ce, tsoho ai har na 1900 tsoho ne. Ka nemo kwafin wannan bugun a wani ɗakin karatu a intanet ka jera su, ka ga ko launin ya raba sansanin Turkawa da dakarun taimako yadda rubutun jikinta ya ce. In bai raba ba ni dai ba zan saya a kuɗin mai launin asali ba.

Kawu_Inuwa
Ni kuma na ce mutumin ya yi gaskiya, da maƙaryaci ne da ya rantse maka. Ka ce ya rubuta maka wannan maganar tasa a rasit da sharaɗin mayarwa in ka sa a duba, ka nemi ragi, shi ke nan.

Gwani_Tawada
Duhu a bayan ja ba ya nuna komai, jan zamani ma yana yi in an cika ruwa. Abu in hoton kusa ya zo ka sa mana nan, musamman wajen kogin Danube da kan tantunan, shuɗin nake son gani. Kuma ka ce ya ɗauka a hasken rana kar ya kunna filasha.